Yadda Za Ka Sayar da Masarar da Ta Yi Hunhuna, Har a Yi Maka Godiya

Kai da ka kwance bakin buhu yau da safe wari ya doke ka, ka zura hannu ka ciro masara ta yi kore-kore ta dunƙule, saki kanka ka samu wuri ka zauna. Ba ka yi asara ba tukuna. Idan ka bi matakan nan a jere, na yi maka alkawari ko tiya guda ba za ka zubar ba, kuma waɗanda suka ci za su tako har rumfarka su yi maka godiya.

Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba. Ta Alhaji Muttaka ce, wani mai sayar da hatsi ɗan asalin Azarori da ke da rumfa a kasuwar Sabon Gida, mutum mai sanyin murya da tsabtar riga, wanda ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Abin da ya yi a wata damina shi zan shimfiɗa maka. Naka kwaikwayo ne.

1. Ka kori tunanin farko

Tsakiyar damina ce. Rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, gidajen da a da suke raina masara duk sun koma kanta. Wani kamyo, wato babbar motar kaya, da ya ɗauko masara daga kudu ya kafe a laka kusa da iyaka, tampol ɗinsa ya yage, ruwa ya yi ta dukan buhunan kafin a samu a ciro shi. Direba na neman wanda zai raba shi da kayan ko ta halin ƙaƙa. Muttaka ya saye da arha, ya jibge a mangazarsa, ɗakin ajiyar hatsinsa, a kan siminti tsirara, ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle, ya zauna jiran farashi ya ƙara hawa.

Farashi kuwa ya hau. Ran da ya buɗe ƙofar, zafi da wari suka mayar da shi baya har sai da ya toshe hanci da gefen babbar riga. Buhunan ƙasa sun yi baƙi, na sama sun jiƙe da gumi. Ya tsaya a bakin ƙofa, abin da ya fara zo masa kuwa shi ne ya kira masu amalanke a kwashe a kai bayan gari a ƙone.

Wannan tunanin yana zuwa wa kowa, har da gwanaye. Kada ka ji kunyarsa, amma kada ka shimfiɗa masa tabarma. Muttaka ya ja ƙofa, ya tafi ya sha shayi kofi uku, ya dawo ya sake dubawa, sai ya ga ashe lalacewar ba ta kai can ba. Shayi yana gyara ido ƙwarai.

2. Ka canza wa abin suna

Daga yau kalmar hunhuna ta fita daga bakinka. Ka ce ƙurar hanya ce. Ka ce irin kudu haka launinsa yake. Ka yi ta faɗa har kai ma ka fara yarda.

Amma ka san wanda za ka faɗa wa. Muttaka ya yi kuskure guda a nan, kuma gara ka koya daga nasa. Ya ware buhunan da suka fi baƙi ya ce na dabbobi ne, ya tare wani makiyayi mai suna Rabo da ya shigo kasuwa neman dusa. Rabo ya ɗebi masarar a tafin hannu ya juya ta.

"Alhaji, wagga ta sha ruwa."

"Ƙurar hanya ce, Rabo. Hure ta ka gani."

Rabo bai hura ba. Ya jefa ƙwaya guda a baki ya tauna, ya tofar, ya goge leɓe da gefen rawani.

"Na taɓa ba shanuna irinta, nono ya ƙahe, maruƙa sunka kwanta. Allah shi kawo maka wani mai saye."

Ya rataya sandarsa ya wuce. Muttaka ya bi shi da kallo, ransa a ɓace, amma a nan ya gane abin da ya kamata ya gane. Mai saniya yana da zaɓi, don in ya ƙi masararka akwai ciyawa a daji. Mai ƴaƴa a gida a watan da rumbu ya ƙare ba shi da dajin da zai kora su. Saboda haka ka bar dabbobi su huta, ka fuskanci mutane.

3. Ka ba ta rana, ka ba ta sutura

Ka shanya, amma ba a bakin hanya ba. Muttaka yana da wani kangon fili mai katanga a bayan mangaza, can ya sa aka baza ta duk ran da hadari ya ɗaga. Aka murje, aka sheƙe, koren ya tashi ya bi iska zuwa gidajen maƙwabta. Abin da ya rage ya dawo da ɗan haskensa.

Sai sababbin buhuna. Tsohon buhu yana da tabo, tabo kuma yana da surutu. A bakin kowane buhu ka zuba mai kyau kamar tsawon hannu, domin mai saye iya wuyan hannu yake zurawa, kunya ba ta barinsa ya kai gwiwar hannu a gaban Alhaji.

4. Ka kai inji

Nan ne zuciyar sana'ar. Ƙwaya tana tona asiri, gari ba ya yi. Duk wadda ta ƙi shiryuwa da rana, ka haɗa ta da mai kyau ka kai a niƙe, za ta fito fara ƙal kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba.

Muttaka ya kai wa Surajo mai injin niƙa na bakin kasuwa. Ba a daɗe da tayar da inji ba Surajo ya kashe, ya fito yana tari, hawaye na zuba.

"Alhaji, ƙurar ga tana shaƙe ni. Mi anka yi ma masarar ga?"

"Niƙa na kawo maka, Surajo, ba bincike ba."

"Matan gari suna kawo nasu bayan naka. Cikin injin guda za ya bi."

"To ka ce in kai ma mai inji na gaba. Buhunan da sunka rage cikin mangaza sun hi waɗanga yawa, kuma shi ban taɓa jin ya yi tari ba."

Surajo ya dubi injinsa, ya dubi buhunan. Ya nemo tsumma ya ɗaure hanci da baki, ya sake tayarwa. Ka lura, Alhaji bai ɗaga murya ba, bai roƙi a rufa masa asiri ba. Wanda ya ci tare da kai ba sai ka roƙe shi ya yi shiru ba.

5. Ka zaɓi mai saye, ka fara da dangi

Baƙo in ya ji ɗaci zai dawo ya yi maka tijara a tsakiyar kasuwa. Ɗan uwa sai ya haɗiye, ya ce bakinsa ne.

Muttaka yana da Husaina, ɗiyar wata ƴar uwarsa. Mijinta Jika ya tafi Libiya neman kuɗi, aike yana zuwa wani lokaci, wani lokaci shiru. Ita ke riƙe da kanta da ɗiyarta Raihanatu, yarinya ƙarama da ba ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Da safe Husaina na sayar da koko a tasha, da rana tuwon masara da miyar kuka, abin da ya saura a gindin tukunya shi ne abincinsu ita da yarinyar. Kullum a wurin kawunta take awo.

Ran da sabon garin ya fito, Muttaka ya kira ta tun daga nesa.

"Husaina, zo nan. Na samo gari mai sauƙi, na ce kahin kowa shi ji ke za ki hwara ji. Kin huta da kai niƙa."

Ya rage mata farashi, ya cika tiya har tana zuba, ya ƙara mata gyara da hannu biyu. Husaina ta durƙusa tana godiya, har da cewa tun da mahaifinta ya rasu ba ta ga mai tuna ta kamarsa ba. Muttaka ya ji daɗin maganar, kuma da gaske ya ji. Kada ka yi mamaki. Mutum yana iya cutar da kai, ya kuma ji daɗin godiyarka, zuciya tana da ɗakuna da yawa.

Da kasuwa ta zagayo ta dawo awo, tana ɗan jan ƙafa.

"Kawu, kokon nan shina ɗan ɗaci can ƙasan harshe. Ko ni ce?"

"Sabuwar masara ce, haka take. Ƙara citta da sukari."

Ta ƙara. Masu shan koko suka ce hannunta ya ƙara daɗi. Daga nan ta daina awon tiya, ta ɗauki buhu guda ta ajiye a ɗaki.

6. Kada ko cokali guda ya shiga gidanka

Wannan ba sai na ja maka kunne ba, amma iyali sukan yi shisshigi. Gidan Muttaka hatsin gonarsu ta Azarori suke ci, wanda ya bushe a zangarniyarsa a cikin rumbu. Wata rana hatsin da aka sussuka ya ƙare, matarsa Fadimatu ta je mangaza da kanta ta ɗebo gari a kwano don ta yi tuwon dare. Muttaka ya shigo da la'asar ya ga kwanon a tsakar gida. Mutumin da ba a san shi da faɗa ba ya sa ƙafa ya kifar da shi.

Fadimatu ta dubi garin a ƙasa, ta dubi mijinta. Ta daɗe da zama da shi, ba ta bukatar dogon bayani.

"Shi ne wanda kake auna ma Husaina?"

"Ki share, kada kaji su ci."

"Kaji. To Raihanatu hwa?"

"Husaina dahwa shi take, ba ɗanye suke ci ba. Wuta ba ta barin komi."

Fadimatu ta ɗauko tsintsiya. Ta yi niyyar ta aika a gaya wa Husaina, ta kwana tana juya abin, sai ta tuna cewa tonon asirin miji tonon asirin gida ne, kuma ita ma tana da ƴaƴa mata da za su yi aure a garin nan. Ta bar shi a cikinta. Idan taka matar ba ta kai Fadimatu hankali ba, ka tuna mata da ƴaƴan.

7. Ka rage muryar rediyo

Ilmi yana da kyau, amma ba kowane lokaci ba. Ana cikin haka wata safiya Muttaka na zaune a rumfa, rediyon maƙwabcinsa na magana, sai ga wani ma'aikacin noma yana bayani a kan hatsin da ya sha danshi. Ya ce hunhuna tana barin wata guba a cikin masara da gujiya da dawa, sunanta afalatoksin. Ya ce shanya ba ta fitar da ita, niƙa ba ya kashe ta, tafasa ma ba ta gamawa da ita. Ya ce hanta take ci, tana tsumburar da yara, in kuma ta yi yawa a lokaci guda tana kisa.

Muttaka ya ji kowace kalma. Abin da ya gaya wa matarsa game da wuta ya rushe a gabansa. A daidai lokacin yana iya tashi ya taka zuwa tasha, tafiyar ba ta kai a sha kofin shayi ba, ya ce wa Husaina ta dawo da buhun. Har ya sa ƙafa guda cikin takalmi. Sai ya tuna cewa in ya karɓi nata, kafin azahar duk kasuwa ta san dalili.

"Malam, ɗan rage mana," ya ce wa maƙwabcin. "Mutanen ga na biro, masu zaman ofis, ba su da aiki sai tsorata talaka. Kakanninmu da mi sunka rayu?"

Maƙwabcin ya murɗa zuwa tashar da ake kiɗa. Ka riƙe maganar kakanni da kyau, tana aiki a ko'ina, kuma kakannin ba sa nan balle su ce su nasu hatsin shanya shi suke yi.

8. Ka yi sadaka da shi

Akwai wanda zai rage, na can ƙasa, wanda ko garinsa ya ɗan yi duhu. Kada ka zubar. Ranar Juma'a Muttaka ya sa aka ƙulla shi a leda, aka raba wa tsofaffi da gajiyayyu a ƙofar masallaci. Mai karɓar sadaka ba ya shinshinawa, in ma ya shinshina ba ya magana. Aka yi ta sa masa albarka, aka ce a wannan shekara ta tsada Alhaji kaɗai ya tuna da marasa ƙarfi. Mangaza ta yi fili, suna ya ƙaru. Ban san wani ciniki da ya kai wannan ba.

9. Idan ciwo ya fara, ka riga kowa zuwa

Wasu daga masu cin tuwon tasha suka fara kukan ciki, amma su manya ne, yau sun ci a nan gobe a wani gari. Raihanatu ita ce mai ci safe da rana da dare. Ta fara da amai da ƙin wasa. Aka ce shawara ce, aka jiƙa mata saiwa. Sai idonta ya koma rawaya, ƙafafu suka kumbura, ciki ya tashi ya yi tauri.

Da labari ya iso rumfa, Muttaka bai jira a roƙe shi ba. Ya tayar da motarsa, ya ɗauki uwa da ɗiya zuwa likita a Madawa. A hanya yana jin numfashin yarinyar a bayansa, bai waiwaya ba ko sau guda. Yana tuƙi yana addu'a a zuci, kuma addu'ar ta gaskiya ce: Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar nan, Allah kuma Ya rufa asiri. Bai san wadda ya fi ba ƙarfi ba.

Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Lalla ta karɓe su. Aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa. Da ta dawo sai ta ja Husaina gefe, Muttaka na tsaye kusa.

"Ba zazzaɓin sauro ba ne. Hantarta ce ta kumbura. Mi take ci kullum?"

"Koko da tuwo, na sana'ata."

"Na masara?"

"I."

"Ban ce shi ne ba, don nan ba mu da abin gwada gari. Amma in hatsi ya yi hunhuna anka niƙa, yana iya kawo irin wannan. Ina kike awo?"

Husaina ta ɗaga kai. Ta juyo ta dubi kawunta, kallo ɗan gajere, ta sunkuyar da kai.

Nan gwaninta take. Wani sai ya fara rantse-rantse, ya tona kansa. Muttaka ya matso a natse.

"Wurina take awo, madam. In akwai inda ake dubawa, don Allah a duba. Ita ta zauna wurin ɗiya, ni in koma in ɗebo muku daga buhun da ke ɗakinta."

Lalla ta ce hakan ya yi, za ta nemi hanyar aikawa. Husaina ta kwance makullin ɗakinta daga bakin zane ta miƙa masa. Ya koma Sabon Gida, ya fitar da buhun ya sa a mota, ya ajiye wani na gari mai kyau a gurbinsa, ya ɗebo daga sabon ya ƙulla a leda ya kai. Maƙwabtan da suka gan shi yana fama da buhu shi kaɗai suka ce Alhaji ko girman kai babu.

Raihanatu ba ta dawo gida da ƙafarta ba. A motar da ta kai ta aka dawo da ita, a naɗe cikin zanen uwarta.

10. Kada ka ɗora wa kowa laifi, ka nuna masa hanya kawai

Gari ba ya zama da mutuwa babu dalili, sai ya nemo. Aikinka shi ne kada ya nemo a rumfarka.

A zaman makoki Muttaka ya kawo buhun shinkafa, ya zauna a sahun gaba, idonsa ja. Da aka fara zancen masu ciwon ciki na tasha, wani ya ce ko ruwan da take dama koko da shi ne. Wani ya ce tukunyar ce ba ta samun wanki. Muttaka ya girgiza kai.

"Ku bar zancen ga. Mace ita ɗai, ba miji kusa, ga sana'a ga ɗiya. Ko wane ne sai wani abu ya kuɓuce mai. Ba ni son a ga laihinta."

Ka ga yadda ake yi. Ya kare ta a gaban jama'a, kuma kowa ya tashi da sanin cewa akwai laifin da ake karewa. Da Husaina ta koma tasha bayan makoki, ta dama koko ta zauna, mutane suka riƙa yi mata gaisuwa suna wucewa wurin mai shayi. Da rana ta tuƙa tuwo, ta dawo da shi gida. Ta sake gwadawa, ta sake dawowa da shi. Jika ya kira daga Libiya, bai zarge ta da baki ba, ya dai ce ta tattara ta koma wurin iyayensa a Garhanga har ya dawo.

Can bayan kaka saƙo ya zo daga Lalla. An duba garin da aka kai, lafiyarsa lau.

11. Idan aka nemi gafararka, ka yafe

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma a nan ake gane wanda ya iya.

Ranar kasuwa ce da hantsi, rumfa cike, sabon hatsi ya shigo. Muttaka na cikin awo ya ɗaga kai ya ga Husaina tsaye da ƙullin kaya a ka. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta sauke ƙullin, ta durƙusa a gefen buhuna.

"Kawu, motar Garhanga nike jira. Na ce ba ni tahiya sai na roƙe ka gahwara."

"Gahwarar mi, Husaina?"

"Ran da likita ta tambayi inda nike awo, zuciyata ta zarge ka. Na tuna ɗacin nan. Na kwana da zargin, na tashi da shi. Ko ranar makoki da ka kawo shinkahwa ban iya kallon idonka ba. Sai ga shi an duba, gari ba shi da komi. Kai da ka kai ta likita da motarka, ka dawo da ita da motarka." Ta share ido da bakin zane. "Ni dai ban san abin da na yi ba daidai ba. Na yi ta tunani, ko ruwan ne, ko tukunyar. Amma kai ba ka da hannu, kuma na ɗauki hakkinka. Ba ni son in tahi da shi bisa wuyana. Ka yahe mini."

Tiyar na hannun Muttaka, hatsi na zuba daga gefenta bai sani ba. Maganar ta taso masa har maƙogwaro. Gajeriya ce, bai fi ya ce ba tukunyarki ba ce, ba ruwanki ba ne, kin wanke komai yadda ya kamata. Ya san in ya faɗa, matar nan za ta tsane shi har ta mutu, amma za ta daina binciken hannunta. Ya buɗe baki. Sai ya ga maƙwabtan rumfa sun tsayar da ciniki sun kasa kunne, masu awo sun yi cirko-cirko, wata tsohuwa da ta taɓa karɓar sadakarsa tana share ƙwalla.

"Tashi, ɗiyata," ya ce. "Zargi aikin Shaiɗan ne, kuma ke lokacin ba ki cikin hankalinki. Na yahe miki, duniya da lahira."

Jama'a suka ce Allah Ya ƙara haƙuri, Allah Ya bar mana irinsu Alhaji. Husaina ta yi godiya. Ya auna mata gari ya ce ta kai wa surukai, kada ta shiga gidan mutane hannu sake. Garin mai kyau ne, don wancan ya ƙare tuni. Ta ɗora a kan ƙullinta, ta bi ta tsakanin rumfuna zuwa tasha, shi kuma ya juya ga na gaba ya tambaye shi tiya nawa.

Abin da ba ruwana da shi

Ni bayani na yi, ban auna wa kowa ba. Hantar da ta kumbura, yaron da ya ƙi girma, tsohon da ya karɓi ledar Juma'a aka ce tsufa ne ya ɗauke shi, duk ba a kaina suke ba. Haka in ka zo mataki na ƙarshe bakinka ya kuɓuce ka faɗi gaskiya, kai ka jawo, ban ce ka yi ba. Ban kuma ba da tabbacin hanyar tana aiki a inda ba maƙwabtan rumfa ne ke ba da shaida ba, in ka isa can kada ka ambaci sunana.

Mai neman ƙarin bayani ya nemi Alhaji Muttaka. Yana rumfarsa, lafiyarsa ƙalau, ya gina mangaza ta biyu, kuma damina ta kusa.